Irin Albasar Goggo Sabuwa

Goggo Sabuwa yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni tun daga yaye ta kawo ni gidanta a Wurno, don haka duk abin da na sani na girki da gaisuwa da zama gaban manya a wurinta na koya. Sunana Khaulat, amma Haula take ce mini, kuma ba ta taɓa yarda cewa ta rage wani abu a sunan ba.

A Rimawa aka haife ta. Mahaifinsu, Bube, manomin albasa ne, yana da irin da yake fitarwa da kansa wanda ya gada daga nasa mahaifin. Albasa ce ja, ba ta da girma, tana da yaji, kuma takan kai damina ta wuce a ajiye ba ta ruɓe ba. Mutanen garin suna ce mata 'yar Bube. Da ya rasu sai 'ya'yansa maza suka koma sayen irin gwangwani, mai ba da manyan kawuna masu cika buhu da wuri, waɗanda 'yan kasuwar Goronyo suka fi so. Ba wanda ya ga laifinsu. Goggo ce kawai, da ta je zaman makoki, ta shiga rumfar da tsohon yake ajiya ta tsinto kawuna goma sha biyu ta ƙulle a gefen zane.

Gidan mijinta, marigayi Malam Maccido tela, yana kan tudu ne, ɓangaren garin da ƙasa duk tsakuwa ce da marmara. Ko ramin turke sai an sha wuya. Ta fara dasawa a tsofaffin tukwane, suka yi kaɗan. Ta gwada bokitin roba, ruwa ya kwanta a gindi albasar ta ruɓe. Wata rana ta sa aka ɗebo mata ƙasar fadama a jakar cefane, irin ta saƙar roba mai hannu biyu da ake rataya a kowane shago, sai ta manta da guda ɗaya a jikin bango da kan albasa a ciki. Bayan mako biyu ta ga ganye ya leƙo. Ta zuba ruwa, ta ga yana tsiyaya ta ramukan saƙar ba ya tsayawa. Daga nan ba ta sake neman wani mazubi ba.

Aibin jakar ɗaya ne, rana tana cin ta. Wata biyu a tsakar gida sai ta fara marmashewa kamar busasshen ganye. Goggo ta yi mata abin da ake yi wa bango. Ta kwaɓa laka da kashin shanu ta yaɓe kowace jaka daga baki har gindi. Yaɓen ya tsare rana, ya kuma sa ƙasar ciki ta riƙe sanyi. Maƙwabciyarmu Kyauta takan leƙo ta katanga ta ce, “Sabuwa, jakukkunanki sun hi ni gata. Ɗakina shekara ukku ba a taɓa shi ba.”

Goggo ta ce, “Ki yi hure in yaɓe ki.”

Wurin jaka talatin da ɗaya tsakar gidan ke ɗauka, in an bar hanyar wucewa da wurin murhu. Shi ya sa take raba aikin shekara biyu. Shekara ɗaya ta shuka iri ta sami kawuna. Ta ajiye su har sanyi ya sake shigowa, ta yanke musu sama, ta dasa gindin. A wannan shekara ta biyu suke fitar da dogon kara mai rami a ciki, da farin curin fure a kansa, daga nan iri yake fitowa. Irin albasa ba ya jira kamar gero, in ya wuce shekara yawancinsa ya mutu. Saboda haka a shekarar fure Goggo ba ta da iri a gwangwani, ba ta da kawuna a ajiye. Duk 'yar Bube da ta rage a duniya tana tsaye ne a cikin jakunkunan nan.

Akwai kuma ƙudaje. In fure ya buɗe, Goggo takan karɓo kawunan kifi wurin mata masu suya, ta zuba a kasko ta ajiye tsakanin jakunkuna. Kwana biyu gidan ya ɗauki wari, ƙudaje su cika shi, masu kore da baƙaƙe, suna tashi daga kasko suna sauka kan furanni. Tun ina ƙarama na tsani waɗannan makonni. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, “Hakanan Baba ka yi. In babu ƙuda babu iri.”

Na tafi jami'a a Sakkwato, kuma aikin gona na karanta. A shekara ta biyu aka koya mana yadda ƙwari ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. Na rubuta a jarrabawa na ci. Ban taɓa tuna kaskon Goggo ba sa'ad da nake rubutawa.

A makaranta ba ni da yawan magana, kuma ƙawa ɗaya na yi, Surayya, 'yar ajinmu. Gidansu a cikin birni yake, da ciyawa a tsakar gida da mai ba ta ruwa. Ranar da na fara zuwa gidan muna zaune muna kallon furanninsu a tukwanen siminti masu fenti, sai ta tambaye ni ko muna da shuke-shuke a gida. Na ce, “Goggona na da lambu.” Ban ƙara komai ba. Ita ta ƙara sauran da kanta, ni kuma ban gyara ba. Shekara uku tana cewa lambun Goggo, tana faɗa wa mutane cewa Khaulat gadon noma ta yi, gidansu har lambu gare su.

Bayan mun gama, ina gida ina jiran kiran bautar ƙasa, sai ta bugo mini waya wata Alhamis cikin watan Fabrairu. Za su Goronyo suna ranar Asabar ita da mahaifiyarta, Hajiya Mashkura, kuma za su ratso Wurno su gaida Goggo.

Ta ce, “Sai na ga lambun nan da idona. Ki tanadar mani latas.”

Shekarar fure ce. Na fito daga ɗaki na tsaya na dubi tsakar gidanmu kamar baƙuwa. Jakunkuna talatin da ɗaya, kowace ta sha yaɓe ya bushe ya tsattsage, wata hannunta ja ya leƙo, wata shuɗi, wata ana ganin rabin hoton kofin shayi ta inda laka ta faɗi. Kasko uku na kifi. Ƙudaje har kan igiyar shanya. Ban gaya wa Goggo abin da ke raina ba. Na ce mata dai baƙi za su zo, ta yi murna, ta ce za ta sa a yi fura mai kyau.

Ranar Asabar da safe ta tafi gaisuwar rasuwa a wata unguwa, ta ce sai azahar. Tana fita na ɗaura zane. Dabarata ita ce in kwashe jakunkunan in kai su lungun bayan ɗaki, wajen makewayi, in share gida, in Surayya ta tambaya in ce lambun yana can fadama, da nisa. In sun tafi in mayar da komai inda yake. Har na ɗauki gawayi na yi wa kowane gurbi alama a ƙasa, don kada in rikita jerin.

Jakar farko na kama hannayenta biyu na ɗaga. Hannayen suka zo, jakar ta zauna. Ta biyu ta taso, amma gindinta ya tsaya a ƙasa, ƙasar ciki ta zube kan ƙafafuna, na ga fararen saiwoyi sun ratsa saƙar sun kama tsakuwa, na tsinke su. Wata uku suna shan ruwa a wuri ɗaya, gindin kowace ya riga ya mutu, yaɓen ne kawai ke riƙe da su. Nan ya kamata in tsaya. Na duba agogon waya, na ga ƙarfe tara da rabi, sai na ci gaba. Na koma rungumarsu ina tallabe gindi. Karan furen ya fi ni tsawo in na ɗaga jaka, kuma ƙofar lungun gajera ce. Ina jin su suna karyewa a saman kaina, ƙas, ƙas, wani ruwa mai yauƙi yana ɗiga mini a wuya. Wasu na ja su a kan buhu. Jaka shida na ƙarshe, waɗanda ke jikin bangon gabas, na kasa ɗaga su. Na jawo tsohuwar tabarma na jingina a gabansu.

Na juye kifin da ke cikin kasko ukun nan a bola. Na share, na yayyafa ruwa, na sake sharewa. Ƙudajen ba su tafi ba, suna ta kewaya inda furannin suke a da. Sai na ɗauko maganin sauro na fesawa na bi tsakar gida da lungu da bayan tabarma na feshe. Na kunna turaren wuta. Da na gama, gidan ya yi fes, ya yi faɗi, ban taɓa ganinsa haka ba. Da'irori ashirin da biyar na danshi kawai suka rage a ƙasa, da alamun gawayina kusa da su.

Goggo ta dawo kafin baƙi da kamar rabin sa'a. Ta yi sallama ta shigo, ta tsaya a bakin zaure da mayafinta a ka. Ta dubi ƙasa. Ta bi sawun laka da ido har ƙofar lungu, ta tafi can. Na tsaya riƙe da tsintsiya ina jira ta kira ni. Ta daɗe. Da ta fito sai ta ce, “Haula, kin dama hurar?”

Na ce, “A'a, Goggo.”

“To dama. Baƙi na tahe.”

Sun iso bayan azahar. Surayya ta rungume ni, ta durƙusa ta gaida Goggo, aka shimfiɗa musu darduma a ɗaki. Hajiya Mashkura doguwar mace ce mai yawan dariya, ashe a Goronyo ta tashi, mahaifinta dillalin albasa ne. Suka kama hira da Goggo kamar sun san juna, wane ya rasu, wace ta aurar da jika. Surayya ta sha fura ta ajiye ludayi ta ce, “To, ina lambun?”

Na buɗe baki. Kafin in ce fadama sai Hajiya ta miƙe ta ce bari ta yi alwala, ba su yi salla a hanya ba. Na ba ta buta. Sai da ta doshi ƙofar lungu na tuna cewa makewayinmu ɗaya ne, kuma ta nan ake bi.

Muka ji ta ce, “Subhanallahi!” Sannan ta ɗaga murya. “Inna! Wa yaɗ ɗaga albasa tana hure?”

Muka fita duka. A lungun jakunkuna suna kwance kan juna, wasu a fashe, kararen a karye sun rataya, fararen furanni a cikin ruwan wanka. Matattun ƙudaje sun yi baƙi a ƙasa. Hajiya ta tsuguna da leshinta mai tsada ta tono kai ɗaya da yatsa, ta murje ƙasar, ta kai hanci.

Ta ce, “Wagga ba ta gwangwani ba ta. Inna, wagga irin ta Rimawa ta, ja ƙarama. Baba shina aje ta daban, ba shi saida ta, ita muka ci gida. Ni na aza ta ƙare.”

Goggo ta ce, “Ta Babana ta. Bube.”

“To wa yai maki wanga aiki? Awaki?”

Ina tsaye bayan Surayya. Laka tana nan a ƙarƙashin faratana, na wanke ba ta fita ba. Na dunƙule hannuna cikin hijabi.

Goggo ta ce, “Ni ta. Na ga baƙi za su zo, gida duk ƙuda. Tsuhwa, Hajiya. Wani lokaci sai ka yi abu ka rasa mi as sa ka.”

Hajiya Mashkura ta dubi Goggo, wadda ko tulu ba ta iya ɗagawa sai na kama mata. Ta dubi jakunkuna ashirin da biyar. Ba ta dube ni ba, kuma na san da gangan ta ƙi. Ta ce, “Ayya, Inna. Don mu? Ni da nit tashi cikin warin albasa? Mu ƙuda ai 'yan uwa na.” Ta yi dariya kaɗan, ba wanda ya taya ta.

Surayya ta matso ta raɗa mini, “Wai wannan ne lambun? Kai, amma dabara ce! Don me ba ki taɓa faɗa mani a jaka take yi ba? Da shi na yi aikin kammala karatuna, wallahi.” Ta ciro waya za ta ɗauki hoto, mahaifiyarta ta ce ta mayar.

Ba su kai la'asar ba suka tafi. Hajiya ta riƙe hannun Goggo a zaure ta ce in Allah ya sa an sami iri, ko cokali ɗaya ne a tuna da ita.

Da motar ta tashi na koma na sami Goggo ta janye tabarmar daga jakunkuna shida na bangon gabas tana duba su ɗaya ɗaya. Na durƙusa a bayanta. Na ce, “Goggo, ni na...”

Ta ce, “Na sani. Ɗauko mani zare da tsinken tsintsiya.”

“Don mi kinka ce ke ta?”

“Ƙawarki ta. Ke za ki zauna da ita, ba ni ba.” Ta ɗaga wani fure da ya lanƙwashe. “Wanga bai karye duka ba. Zaren, Haula.”

Muka yi ta aiki har rana ta yi sanyi. Duk karan da ya lanƙwashe bai rabu ba, ta sa masa tsinke ta ɗaure kamar mai ɗori. Na lungu ba mu sake ɗaga su ba, ta ce wahala ɗaya ta ishe su, muka tattara musu ƙasa a inda suke. Amma lungun ba ya samun rana, kuma saiwoyin sun tsinke. Cikin mako guda duk suka yi rawaya suka kwanta. Shida suka rage, da kan fure goma sha tara.

Su ma ba ƙuda ko ɗaya a kansu, saboda maganin da na fesa. Goggo ta wanke furannin da ruwa a hankali, ta jira kwana biyu. A rana ta uku ta ɗauko kasko ta ɗaura mayafi za ta wurin masu suyar kifi. Na ce ta kawo in je.

Ta ce, “Ke? Da digiri?”

Na karɓi kaskon. Wurin masu kifi yana bakin kasuwa, kuma sai an ratsa gaban shagunan da samarin unguwa ke zama. Na dawo da kaskon a hannu, ba rufi, ƙudaje suna bina tun daga can. Kyauta tana ƙofar gidanta ta ce, “A'a, malama Haula! Wanga shi anka koya maku Sakkwato?”

Na ce, “Shi na, Inna Kyauta.” Kuma gaskiya na faɗa, sai dai ban gane ba sai a makon nan.

Ƙudajen suka dawo, amma rabin furannin sun riga sun wuce lokacinsu. Da zafi ya shigo kawunan furen suka bushe, Goggo ta yanke su ta shanya a faifai, ta murje, ta sheƙe. A shekarun baya takan cika gwangwanin madara uku, ta ba Kyauta, ta aika Rimawa ga duk wanda ya tambaya. Bana abin da ya taru bai rufe gindin kofin shayi ba, kuma da ta zuba a ruwa kusan rabi ya taso sama, fanko. Ta tsame na ƙasan ta shanya, ta ƙulle a tsumma, ƙullin bai kai kan babban yatsa ba. Ta sa a cikin kwalla ta rufe.

Bautar ƙasa ta kai ni Rabah, kusa da gida, ina koyarwa a wata makaranta. Duk damina ƙullin nan yana raina. Ban san ko akwai mai rai a ciki ba, Goggo ma ba ta sani ba. Da kaka ta yi na zo gida na roƙe ta ƙwaya ashirin in gwada, yadda aka koya mana, a jiƙaƙƙen ƙyalle.

Ta ce, “Goma.”

Na jera su a ƙyalle na naɗe na sa a ƙarƙashin randa inda ke da danshi. Kowace safiya kafin in yi wanka sai na buɗe. Kwana huɗu ba komai. Na biyar ma haka. A rana ta shida na ga farin zare ya fito daga ƙwaya ɗaya, siriri kamar gashi. Zuwa rana ta takwas sun zama huɗu. Sauran shidan suka yi funfuna.

Na kai mata a tafin hannu. Ta kawo fuskarta kusa, don idonta ya rage gani, ta ƙirga da bakinta. Sannan ta ce kada in tsaya, in nemo abin da za a sa su, waɗannan huɗun ma ba za a yar ba.

Ranar kasuwa na je na sayo jakunkuna goma sha biyu, iyakar abin da irin zai iya cikawa ke nan. Mai shagon ya tambaya ko biki za a yi, na ce shuka za mu yi. Mai jaki ya kawo ƙasar fadama, muka haɗa da takin awaki da buntun shinkafa. Goggo ta zauna a kujerar tsugunno tana nuna mini gurbin kowace da sandar muciya, ni ina cikawa. Alamun gawayina ruwan sama ya wanke su tuntuni, amma ita ta san wurin kowace.

Da aka zo yaɓe ta tura mini kwanon laka da kashin shanu da ƙafa. Na naɗe hannun riga na sa hannu. Na fara shafawa sama sama, ta ce, “Ba lalle kika sa ma amarya ba. Cika hannunki.” Na cika.

Muna cikin haka ta ce in an kai shekarar fure, in Allah ya kai mu, akwai cokali ɗaya na Hajiya Mashkura, kuma ni zan kai mata har gida.

Na ce, “To, Goggo.”

Ta ce, “Ki hwara da gindi. Nan rana ka hwara ci.”